Tsohuwar Kwalbar Lemo: Abin Da Matashin Daura Zai Sani Kafin Ya Sa Mata Kuɗi

A watan Disamba na 2011, a wani gidan gwanjo mai suna Julien's da ke jihar Kalifoniya ta Amurka, an sayar da wata kwalbar Coca-Cola da babu ko ɗigon lemo a cikinta a kan dala 240,000. Irin labarin nan ne idan ya faɗo wayar matashi a majalisa, a Daura ko Zango ko Sandamu, sai kowa ya tuna da tarin kwalaben da ke jibge a bayan ɗakin kakarsa. Kafin shayi ya nuna an gama raba kuɗin da baki: wannan ya sayi babur, wancan ya biya sadaki, na uku har ya kama shago a bakin tasha.

Sai dai yawancin masu tura labarin ba sa karanta shi har ƙarshe. Kwalbar nan ba ta taɓa shiga kasuwa ba. Samfuri ce da wani ma'aikaci mai suna Earl Dean ya zana a 1915, a kamfanin gilashi na Root da ke garin Terre Haute a jihar Indiyana, lokacin da Coca-Cola ke neman siffar da ko a cikin duhu mutum ya lalubo zai gane ta. Da aka gwada ta sai aka ga cikinta ya fi gindinta faɗi, ba ta tsayuwa da kyau a kan injin cika kwalabe, dole aka rage mata tumbi kafin a fara zuba miliyoyin da duniya ta sani. A lokacin gwanjon guda biyu kacal aka san sun rage daga samfurin farko. Wadda aka sayar kuwa daga hannun iyalin Dean ta fito, tare da zanen fensir da ya yi da hannunsa, wanda shi ma ya tashi dala 228,000. Mai saye ya zuba kuɗinsa ne saboda ƙarancinta, da lafiyarta, da kuma tabbacin inda ta fito.

Ta bayan ɗakin kaka tana da 'yan uwa dubbai. Gara matashi ya ji gaskiya tun da wuri: sayen tsofaffin kwalaben lemo don tarihi bai zama kasuwa ba tukuna a ƙasar Hausa. Ko a Amurka da Ingila, inda masu wannan sha'awa ke da ƙungiyoyi da mujallu da ranakun baje koli, mafi yawan tsofaffin kwalabe kuɗinsu bai wuce na cin abincin rana ba. Wanda ya shiga harkar don ya yi arziki kafin Sallah zai ƙare da ɗaki cike da gilashi da faɗan mahaifiya.

To, me ya sa za a ɓata takarda a kanta? Domin kwalbar lemo tana ƙarewa a kan idonmu, kuma da ita wani yanki na tarihin rayuwar garuruwan nan yake tafiya, wanda babu littafin makarantar da ya ɗauke shi.

Lemon kwalba bai daɗe a Nijeriya kamar yadda yaran yanzu ke zato ba. A 1951 A.G. Leventis ya kafa kamfanin Nigerian Bottling Company, aka fara cika Coca-Cola a Legas a 1953. Fanta ta biyo baya a 1960. Kamfanin Seven-Up, na iyalin El-Khalil 'yan asalin Labanan, ya fara aiki a Legas ranar 1 ga Oktoban 1960, ranar da ƙasa ta samu 'yancin kai. Daga baya masana'antun suka iso Kano, manyan motoci suka riƙa biyo hanyar Kazaure da kiret-kiret suna saukewa a Daura, wasu su wuce Mai'adua har bakin iyaka a Kwangwalam. Dattawan gari za su shaida cewa a wancan zamani lemo ba abin shan kullum ba ne. Na baƙo ne mai daraja, na suna da ɗaurin aure, na Sallah da Gani, sai kuma na majinyacin da ake lallashi ya sa wani abu a cikinsa. Inda babu firji, a gindin randa ake ajiye shi, ko a lulluɓe kiret da jiƙaƙƙen buhu. Yara su ne ke gadon murafu: a jera su a ƙasa a buga ƙwallo da yatsa, ko a daddake a huda a yi abin kaɗawa.

Sunaye da yawa sun zo sun wuce. Waɗanda suka yi wayo a shekarun 1980 da 1990 sun san Limca da Gold Spot da Parle Soda, waɗanda asalinsu na kamfanin Parle ne na Indiya, kafin Coca-Cola ta saye Limca da Gold Spot a can a 1993. Sun san Crush. Masu shiga Nijar ta Matamaye zuwa Damagaram sun san Youki, mai rubutun Faransanci a jiki. A cikin irin waɗannan, waɗanda aka daina ganin motarsu su ne farkon abin da ya cancanci a ɗauka a ajiye, domin ba za a ƙara zuba su ba.

Abin da ya kawo ƙarshen mulkin gilashi kuwa roba ce. Wani injiniya na kamfanin DuPont, Nathaniel Wyeth, shi ya yi rajistar kwalbar roba mai iya riƙe lemo mai gas a 1973. Ta ɗauki lokaci kafin ta mamaye Nijeriya, amma daga farkon shekarun 2000 zuwa yau ta ci kasuwa. Mai shago ya huta da ƙirgar kwalabe da rigimar wanda ya tafi da kwalba bai dawo ba, direba ya huta da nauyi, mai saye ya sha ya jefar a kwata. Tsofaffin na gilashi sai suka koma wasu ayyukan. Mai man gyaɗa ta mai da su ma'auni, mai zuma da mai maganin gargajiya suka ɗebi nasu, magina suka farfasa wasu suka kafa a kan katanga don ɓarayi, sauran kuma 'yan jari-bola suka kwashe. A Bida ta ƙasar Nufe akwai unguwar Masaga, inda masu sana'ar gilashi suka daɗe suna narka tsofaffin kwalabe suna yin duwatsun wuya da awarwaro. Sana'a ce mai ban sha'awa, amma kwalbar da ta shiga wutarsu ta tafi ke nan.

Matashin da ke son harkar, abu na farko da zai koya shi ne karanta kwalba, kuma wannan ba ya buƙatar ko sisi.

A ɗauki wata tsohuwar kwalba da aka zaro daga ƙarƙashin tarkace a tsohon shago. A ɗaga ta saitin hasken rana. Za a ga wani siririn layi ya taso daga gindi, ya bi gefe, ya haura wuya. Nan ne ɓangarori biyu na mazubin suka haɗu. Idan layin ya zarce har saman leɓe, inji ne ya zuba ta, wato a galibi ba ta girmi 1903 ba, shekarar da Michael Owens ya fito da injin zuba kwalabe a garin Toledo na Amurka. Idan kuwa layin ya ɓace a wuya, leɓen ya nuna alamar an gyara shi da hannu, ga ƙananan kumfa a cikin gilashin, ga kauri wani gefe ya fi wani, to an samu wadda mutum ya hura da baki, kuma wannan sai a riƙe ta da hannu biyu. A kafaɗa da ƙasan ciki za a ga farin zobe mai kaushi ya zagaye ta. Gogayya ce da 'yan uwanta a kan injin wanki da cikawa, kuma kaurin zoben yana nuna yawan zuwa da komowar da ta yi tsakanin masana'anta da shago. Masu tara kwalabe sun fi son marar zobe, ko da yake mai zoben ta fi ba da labari.

Sai a juya gindi. Kamfanonin gilashi kan sa tambarinsu a nan, da lambar mazubi, wani lokaci da lambobi biyu na shekarar da aka zuba ta. A nan ake yawan yin tuntuɓe: ba kowace lamba ce shekara ba, kuma wanda ya ga 12 ya ce kwalbarsa ta 1912 ce ya yaudari kansa. Shekarar da aka rubuta kusa da sunan lemo ma sau da yawa ta kafa kamfani ce. Schweppes na ɗauke da 1783, shekarar da Jacob Schweppe ya fara sana'ar ruwan soda a birnin Janeba, amma kwalbar da ke ɗauke da lambar wataƙila bara aka zuba ta.

Akwai wasu alamun da suka fi amfani ga kayan gida. Rubutun da aka zuba shi tare da gilashin, wanda yatsa ke jin tudunsa, a galibi ya girmi na fenti, domin gasa fenti a jikin kwalba sai a shekarun 1930 aka fara shi. Ma'auni ma shaida ne: Nijeriya ta koma awon lita a shekarun 1970, saboda haka wadda aka rubuta awonta da oz, irin na Ingila, tana iya girmar mai 35cl. Duk wadda ke ɗauke da lambar NAFDAC kuwa ba ta girmi 1993 ba, shekarar da aka kafa hukumar. Sunan gari a jikin kwalba, kamar Kano ko Kaduna ko Jos, yana ƙara mata daraja, musamman idan ƙaramin kamfani ne da ya yi 'yan shekaru ya rufe. Irin wannan ta fi Coca-Cola wuyar samu nesa ba kusa ba, duk da cewa babu wanda ya san sunanta a Kalifoniya.

Murfin ƙarfe mai haƙora da kowa ya sani, William Painter ne ya ƙirƙiro shi a Baltimore a 1892. Kafin shi masu lemo sun sha wahalar tsare gas. Wasu suka yi kwalba mai tsinin gindi wadda ba ta iya tsayuwa, don dole a kwantar da ita ruwan ya riƙa jiƙa matoshin kada ya bushe ya saki iska. A 1872 wani Bature ɗan Ingila, Hiram Codd, ya zo da dabarar da ta fi kowace ban mamaki: ya sa ƙwallon gilashi a cikin wuyan kwalba, ƙarfin gas ya tura shi sama ya manne da zoben roba, ya zama murfi. Mai sha sai ya danna ƙwallon ƙasa. Yaran Ingila suka riƙa fasa kwalaben don su ciri ƙwallon su yi wasa, abin da ya sa masu lafiya suka yi ƙaranci. Irin waɗannan sun bi Turawan mulki da kantunansu zuwa ƙasashe da dama, kuma tun da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 kayan kanti suka riƙa kwararowa Arewa ta hannun kamfanoni irin su John Holt da G.B. Ollivant, daga baya UAC. Ba abin mamaki ba ne a ci karo da ɗaya a tsohon juji kusa da inda bariki ko kantin sayen gyaɗa ya taɓa zama. Amma a yi hattara, har gobe ana yin mai ƙwallon a Indiya da Japan, ana sayar da lemo a cikinta. Ganin ƙwallo kaɗai bai isa hujjar tsufa ba.

Yawancin ɓarnar da ake yi wa tsohuwar kwalba, mai ita ne ke yi da kyakkyawar niyya. Ya samo ta da datti, ya ɗauko soson ƙarfe da toka ya dirje, ya kankare fentin da shi ne rabin darajarta. Ruwa mai ɗumi da sabulu da tsumma sun wadatar. Na ciki kuma a zuba ɗanyar shinkafa kaɗan da ruwa a girgiza. Farin hazon da ke kama gilashin da ya daɗe a ƙasa ba ya fita da wanki, a ƙyale shi. Kada a zuba tafasasshen ruwa, tana iya tsagewa nan take. Wadda aka samu da murfinta da lemonta kada a buɗe, kada a sha, kuma kada a bar ta a rana, domin zafin watan Afrilu a Daura ya isa ya fasa ta. Akwai kuma haɗarin da ya fi wannan: mutane na zuba kananzir da fetur da fiya-fiya a kwalbar lemo, kuma yara da dama sun kwanta asibiti saboda sun ɗauka abin sha ne. Duk kwalbar da aka tsinto, a ɗauka akwai guba a cikinta har sai an wanke, a kuma ajiye ta inda hannun ƙanne ba ya kaiwa.

Sai maganar 'yan damfara, waɗanda ba sa rasa zuwa duk inda aka ce tsohon abu na kuɗi. A 2009 jita-jita ta game Saudiyya cewa tsofaffin kekunan ɗinki na Singer na ɗauke da wani sinadari wai shi jan makyuri. Mutane suka yi ta sayen keken da bai taka kara ya karya ba da dubban riyal, har aka riƙa fasa shagunan teloli, alhali sinadarin ma babu shi a duniya. Irin wannan iska ta sha kaɗawa a nan, yau a ce dutsen guga mai zakara, gobe a ce kwabo mai huji. Salon ɗaya ne. Wani zai kira ya ce akwai Bature ko Balarabe da ke neman kaza a kan miliyoyi, wani kuma can ya ɓullo da irin kayan yana sayarwa da sauƙi, wai bai san darajarsa ba. Mai kwaɗayi ya sayar da akuyarsa ya saya, daga nan lambobin biyu su daina shiga. A intanet kuma sai a ce an sayi kwalbarka, amma ka fara turo kuɗin rajista ko na kwastan. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Mai saye na gaskiya shi ke biya, ba a biyansa. Farashin da wani ya rubuta a shafin talla ma buri ne kawai, abin dubawa shi ne nawa aka taɓa sayar da irinta.

Akwai haƙƙi a ciki, kuma ɗan Musulmi ba ya tsallake wannan. Kwalbar da kamfani ke karɓa har yanzu ta kamfani ce, mai shago kuma ya ajiye kuɗi a kanta. Wanda ya sha ya ɓoye ta, mai shago ya cuta. A biya kuɗin kwalba, ko a nemi wadda aka daina karɓa. Haka tsohuwar da ke da tarin kwalabe a ɗaki, a tambaye ta, a saya da farashin da ba za a ji kunyar faɗa a gaban 'ya'yanta ba.

Tona ma tana da iyaka. Daura ba kamar kowane gari ba ce, ƙasarta cike take da tarihi, daga kufan Tsohon Birni zuwa ragowar ganuwa. Dokar da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa a 1979 ta ɗauki kayan sana'ar gida da aka yi kafin 1918 a matsayin kayan tarihi, ta hana cinikinsu sai ta hannun wanda aka ba izini, ta kuma hana fitar da su waje ba da takarda ba. Kwalbar Fanta ba ta shiga wannan sahu ba, amma mai haƙa neman kwalba yana iya cin karo da tukunya ko ƙarfe ko duwatsun wuya da suka shiga. Idan haka ta faru, a tsaya, a sanar da mai unguwa ko dagaci, magana ta isa fada da gidan tarihi na Katsina. Kusa da maƙabarta da kufai da gindin ganuwa kuwa, kada ma a soma.

Abin da ya fi komai muhimmanci shi ne mafi sauƙi, kuma shi aka fi sakaci da shi: rubutu. Mutanen Daura sun fi kowa sanin wannan darasi. Rijiyar Kusugu, in don ruwa ne, akwai rijiyoyi da yawa a masarautar. Abin da ke kawo ɗalibai da baƙi daga nesa su leƙa ta shi ne labarin Bayajidda da macijin da Daurama, wanda aka riƙe aka miƙa daga baki zuwa baki har ya shiga littafi. Kwalba ma haka take. Wadda aka tsinta aka ajiye kawai, gilashi ce. Wadda aka ɗaura wa 'yar takarda aka rubuta cewa an same ta a shago kaza a unguwa kaza, mai shagon ya ce daga Kano ake kawo masa a zamanin Sarki Muhammadu Bashar, ana sayar da ita kwabo kaza, an sha irinta a bikin wance, wannan ta zama shaida. Sarki Bashar ya yi mulki daga 1966 zuwa 2007, naira da kwabo kuma sun maye gurbin fam da sule a 1973, saboda haka ko dattijo bai tuna shekara ba, sunan sarki da irin kuɗin da ya ambata sun isa su kusanto da lokacin.

Masu wannan bayani suna nan da ransu: tsofaffin masu shaguna, direbobin da suka yi jigilar lemo, dillalan da suka riƙe kiret a kasuwar Mai'adua ta ranar Lahadi, iyaye mata da suka yi auren fari lokacin da kiret biyu ke sa a yi zancen biki wata guda. Ba a cika tambayarsu ba, kuma kowace shekara ana rasa wasu. Wayar da ake kallon gwanjon Amurka da ita tana iya naɗar muryarsu, ta ɗauki hoton kwalba gaba da baya da gindi. Ɗalibin sakandare ko na kwaleji da ya haɗa kwalabe ashirin masu bayani, ya haɗa da murafu da tsofaffin mabuɗai da allunan talla na ƙarfe, ya riga ya tara abin da za a iya bajewa a makaranta ko a lokacin Sallar Gani, kuma malamin tarihi zai karɓe shi hannu bibbiyu.

Ko wata rana za ta yi kuɗi? Mai yiwuwa, idan masu sha'awa suka yawaita kuma kwalaben suka ƙara ƙaranci. Amma ba a gina lissafin rayuwa a kan wannan, kuma kada a taɓa kuɗin makaranta ko jarin sana'a saboda ita.

Saboda haka, samari da 'yan matan Daura da Baure da Zango da Sandamu da Mai'adua, kafin mai kura ya zo share tsohon ɗaki, ku shiga ku duba. Ku ware masu sunan da aka daina yi da masu sunan gari, ku wanke su a hankali, sannan ku sayi littafi mai ganye arba'in ku je ku gaishe da dattijon da ya sayar da su, ku tambaye shi.